Ku Bar Inna Fetuniya Yadda Take

Na san da yawanku da sun ga kan wannan magana za su ce, to ita kuma wannan me ya kai ta gonar Turawa alhali ga tamu nan ba ta gama nomewa ba? Ku yi mini haƙuri ku biyo ni a sannu, kafin mu kai ƙarshe za ku ga inda na dosa. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa, na ga in ban amayar da ita a takarda ba to barci ma sai ya gagare ni.

Kwanakin baya na je gidan suna a unguwarmu, muna ɗaki ana ƙulla cincin da alkaki a leda, sai na ji wasu 'yan mata uku a bayana sun kaure da gardama kamar za su cinye juna. Babbarsu ba ta fi shekara goma sha tara ba. Ɗaya tana cewa, "Wallahi matar nan tana da shi, ɓoyewa kawai ta yi." Ɗayar ta ce, "Ai daga ganin idonta kin san akwai wata a ƙasa." Ni kuwa na zaci wata maƙwabciya suka sa a faifai, sai na waiwaya na ce, "Ku 'yan mata ku ji tsoron Allah, wace baiwar Allah ce kuke ci da ɗanye haka?" Suka kwashe da dariya, ƙaramar ta ce, "Anti ba za ki gane ba, wata ce a fim ɗin Turawa, innar Harry Potter." Na ajiye ledar hannuna na ce, "Ke yarinya, wannan gardamar da kuke yi mun yi ta a ɗakin kwananmu na makaranta tun ba a yanke miki cibiya ba."

Na yi musu bayani iyakar iyawata, amma ko gezau. Wai su dole matar nan tana da sihiri a jikinta, ko da ita mai littafin ta ce babu. To wannan taurin kai shi ya sa na ce bari in zauna in yi maganar a tsanake, domin na lura ciwon ba na 'yan matan nan kaɗai ba ne, har ni mai wannan rubutu na taɓa jinyarsa.

Ga wanda bai san labarin ba, bari in gutsura masa. Wata Baturiyar Ingila ce mai suna J. K. Rowling ta rubuta shi. Littafi na farko ya fito a 1997, na bakwai wanda shi ne na ƙarshe ya fito a 2007, aka kuma mayar da su fim har kashi takwas daga 2001 zuwa 2011. Ƙagaggen labari ne, tatsuniya ce irin tasu. A duniyar labarin, shi sihiri haihuwar mutum ake yi da shi. In yaro yana da shi, da ya kai shekara goma sha ɗaya sai wasiƙa ta zo masa daga wata makarantar kwana da ake kira Hogwat, a tafi da shi a horar da shi. In kuwa ba shi da shi, ko zai shekara ɗari yana kaɗa sanda ko tsinke ba zai motsa ba.

To akwai wasu 'yan mata biyu uwa ɗaya uba ɗaya, Fetuniya ita ce babba, Lili ƙanwarta, dukkansu sunan fure aka sa musu. Iyayensu mutane ne gama-gari, ba su san wani sihiri ba. Sai ga shi Lili ta fito da shi, wasiƙa ta zo mata, iyaye suka yi ta murna suna alfahari. Fetuniya kuwa shiru. Lili ta tafi makaranta, ta gama, ta yi aure, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Hari. Yaron yana da shekara ɗaya da 'yan watanni wani azzalumi mai suna Boldemot ya kashe uwar da uban, shugaban makarantar nan, wani dattijo mai suna Dambuldo, ya ɗauko jaririn da dare ya ajiye a ƙofar gidan Fetuniya da wasiƙa a cikin mayafinsa. Ta karɓe shi, amma irin riƙon da ba a fata. Shekara goma yana kwana a wani lungu ƙarƙashin matakalar bene alhali ɗanta Dadli yana da ɗaki biyu, kwancen Dadli yake sawa, ta kuma yi masa ƙarya cewa haɗarin mota ne ya kashe iyayensa. A gidan nan ko kalmar sihiri ba a yarda a furta ba.

Wannan ita ce matar da ake cewa wai tana da wata baiwa a ɓoye. Kuma don kada a ce na danne musu gaskiya, bari in kawo hujjojinsu kamar yadda mu ma muka riƙe su a da.

Ta farko, a 1999 an yi hira da Rowling, ta ce akwai wani a cikin labarin da zai yi sihiri bayan girma ya kama shi, a lokacin da tura ta kai bango, ko da yake irin haka ba kasafai yake faruwa ba. Ba ta faɗi suna ba. Shi ke nan ta jefa wa kaji tsaba, kowa ya hau tsince-tsince. Wasu suka ce Fetuniya ce, wasu suka ce ɗanta Dadli, wasu suka ce wani tsoho mai kula da tsabtar makarantar ne, Filci, wanda aka haifa a gidan masu sihiri amma shi ya fito fayau.

Ta biyu, a littafi na biyar da ya fito a 2003, wasu dodanni masu zuƙe farin cikin mutum sun tare Hari da Dadli a hanya. Da aka dawo gida ana tambayar mene ne su, sai bakin Fetuniya ya suɓuce ta ce ai su ne masu gadin kurkukun masu sihiri. Matar da ta shekara da shekaru tana nuna ba ta san komai ba! A daren nan kuma mijinta ya tashi korar Hari, sai ga wata wasiƙa mai magana da kanta ta faɗo gidan da sunan Fetuniya, ta tuna mata wani abu da ke tsakaninta da mai aikowa, nan take ta ce yaro ba inda za shi.

Ta uku, a 2004 a wani taron littattafai a birnin Edinbara, an tambayi Rowling ko Fetuniya irin su Filci ce, ta ce a'a, amma akwai wani abu game da ita da ya wuce abin da ido ke gani. Ta huɗu kuma ita ce ta jini, wai tun da nono ɗaya suka sha da Lili ai ba yadda za a yi a ce ko ɗigo bai taɓa ta ba.

To ranar 21 ga Yuli 2007 littafin ƙarshe ya fito, a Amurka kaɗai aka sayar da kwafi miliyan 8.3 cikin kwana ɗaya, duniya ta buɗe tana jiran ta ga Inna Fetuniya ta ɗaga hannu bango ya tsage. Me aka gani? Aka ga tun tana 'yar yarinya, da wasiƙar ƙanwarta ta zo, ita ma ta zauna a ɓoye ta rubuta wa Dambuldo takarda tana roƙon ya taimaka ya ɗauke ta. Ya ba ta amsa cikin lallashi cewa ba zai yiwu ba. Lili da wani abokinta suka ga amsar suka karanta, ranar rakiya a tashar jirgin ƙasa maganar ta fito, kunya da baƙin ciki suka sa Fetuniya ta zagi ƙanwarta zagin da ya raba su. Labarin dodannin nan kuwa da ake ta mamakin inda ta san shi, ashe laɓe ta yi a bayan bishiya tana sauraron Lili da abokin nata suna hirar duniyar da ba za ta taɓa shiga ba. Kwana tara bayan fitowar littafin aka tambayi Rowling ina wanda aka ce zai yi sihiri da girma? Ta ba da haƙuri ta ce ta sauya shawara tun tana rubuta littafi na uku.

A nan ni ma ina da ƙorafi a kan Rowling, a matsayina na wadda ita ma take taɓa rubutu. Littafi na uku a 1999 ya fito, ke nan shekara takwas ta bar bayin Allah suna haƙa rijiya inda ta san babu ruwa. Wannan bai kyautu ba. Amma a yi mata adalci, game da Fetuniya dai tun kafin littafin ƙarshe ta faɗa ƙarara cewa matar nan ba ta taɓa yin sihiri ba kuma ba za ta taɓa yi ba. To jama'a, mai ɗaki ta ce ɗakinta ba ya yoyo, ku da kuke waje me ya sa kuke tara kwano?

Yanzu ku tsaya mu yi lissafi. A ce burinku ya cika, Fetuniya tana da sihiri ta ɓoye. To me ya rage a labarinta? Ta zama matar da aka ba ta ta ƙi karɓa, sannan ta zo tana azabtar da maraya a kan abin da ita ma take da shi. Wannan ai munafuka ce kawai, irinta ko a tatsuniyar gizo akwai. Amma Fetuniyar da aka rubuta, yarinya ce da ta so abu da zuciya ɗaya, ta zubar da girmanta na yaya ta roƙa, aka ce mata babu, kuma babun nan ba ta da magani, ba ƙoƙari ba kuɗi ba haƙuri da zai sauya ta. Tana ji tana gani ƙanwar da take riƙe wa hannu ta wuce ta bar ta a bakin ƙofa. Sai ta ɗauki abin da ta fi so a duniya ta mayar da shi abin da ta fi ƙi, don ta iya rayuwa. Duk wannan share-share da goge-gogen da take yi, da leƙen maƙwabta ta taga, da nuna wa duniya cewa gidanta ba shi da wani aibu, ai duk ɗaurin miki ne. Wanda ya ce sai ya cusa mata sihiri, ya zare ƙashin bayan labarin ne ba tare da ya sani ba.

Kada wani ya ce ina wanke ta. Ina! Matar da ta kai wa ɗan ƙanwarta duka da kaskon suya, aka kulle shi a ɗaki tana zura masa miya mai sanyi ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa, ba ni ba wanke ta. Duk wadda ta taɓa zaman riƙo a gidan da ba a sonta ta san irin wannan miya. Abin da nake cewa shi ne muguntarta ta mutane ce, daga hassada ta tsiro, kuma hassadar daga rashi ta tsiro. In muka ce sai mun nemo mata wani asiri kafin mu fahimce ta, to mun guje wa madubi ne, domin kowannenmu akwai wata Lili a rayuwarsa da aka ba ta abin da shi aka hana shi.

Ni dai in faɗa muku gaskiya, a gidanmu ni ce Lili. Mu biyu ne mata a wurin mahaifiyarmu, Yaya ta girme ni da shekara uku. Sau biyu tana zana jarrabawar shiga sakandare ba ta samu ba. Ba wanda ya yi mata asiri, ba wanda ya sayar da gurbinta, karatun ne dai bai karɓe ta ba. Ni kuwa zama ɗaya na ci, aka tura ni makarantar kwana. Ranar da za a kai ni, an ɗaure akwatin ƙarfe da bokiti da ƙullin garin kwaki, kowa yana sa albarka, ita tana tsaye jikin ƙyaure ta harɗe hannu, abin da ta ce da ni kawai shi ne, "To 'yar boko, a dai dawo mana da mutunci, ban da iyayi." Daga ranar na zama 'yar boko a bakinta. In na dawo hutu na yi kuskuren sakin kalmar Turanci, ranar na shiga uku. Na ɗauka tsana ce tsagwaronta, ni ma na ɗaura ɗamarar ramawa.

Ina ajin ƙarshe littafi na bakwai ya zagayo hannuna, aron wata 'yar ajinmu, bangonsa duk ya yage saboda yawan hannu, kwana biyu kacal aka ba ni. Cikin bargo na karanta shi da tocila, ƙamus a gefe. Da na iso wurin takardar roƙon nan sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, na rufe littafin na yi ta kuka har ta kusa da gadona ta farka tana tambaya ko wani ne ya mutu a ciki. Na tuna duk ranar ziyara akwai ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli da sabulu da ake kawo mini a ce in ji Yaya, daga kuɗin kitson da take yi ne, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa tako ƙafarta makarantar ba. Sai a daren na gane abin da ya hana ta zuwa.

Amma ku ji inda ciwon da nake faɗa ya kama ni. Bayan na gane haka, sai na koma ina ce wa kaina, ai Yaya tana da wata baiwa da ba a gano ba, da ta sami malamai na gari da ta fi ni, wataƙila ma ita ce marubuciyar gidanmu. Na shekara ina wannan saƙe-saƙe ina jin kamar adalci nake yi mata. Daga baya na tambayi kaina, wai shin sai na ƙaga mata wata baiwa kafin in ga girmanta? Matar da ta yi jinyar mahaifiyarmu wata bakwai, ita ce kwana asibiti ita ce wankin zane, ni ina zuwa da lemo a leda in zauna awa biyu in tafi? Yaya ba ta da komai a ɓoye. Abin da take da shi a fili yake, idona ne yake neman mai walƙiya.

Haka ita ma Fetuniya. Masu neman sihiri a hannunta sun tsallake babban abin da ta yi alhali yana gabansu ɓaro-ɓaro. A littafi na biyar Dambuldo ya bayyana wa Hari cewa kariyar da mahaifiyarsa ta bar masa da ta ba da ranta dominsa, ba za ta ɗore ba sai in yana zaune inda jininta yake, kuma karɓarsa da Fetuniya ta yi shi ya ɗaure wannan kariya. Ma'ana duk manyan masu sanduna da dogon gemu, ba wanda ya iya tsare yaron nan shekara goma sha shida sai matar da ba ta iya komai ba, da abu ɗaya tak, ta buɗe ƙofa ta ɗauke shi, tana ƙunci tana tsaki amma ba ta mayar da shi titi ba. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar rabuwarsu ta ƙarshe ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce masa wani abu, bakin ya ƙi buɗuwa, ta juya ta tafi. A wasan dandamali da aka fara nunawa a Landan a 2016, wanda ya ci gaba da labarin, an nuna bayan rasuwarta Dadli ya tarar da ɗan mayafin da aka kawo Hari a ciki, ashe duk shekarun nan tana ajiye da shi. To wane tsagewar bango ne zai kai wannan mayafi taɓa zuciya?

Kuma wannan farautar baiwar ɓoye ba wasa ba ce, tana da haɗari, shi kansa littafin ya nuna. Akwai wani yaro abokin Hari mai suna Nebil, danginsa duk masu sihiri, shi kuwa ya yi nauyin nunawa. Wani tsoho a dangin ya sa shi a gaba wai sai ya tsorata shi abin ya fito. Ya taɓa tunkuɗa shi cikin teku saura ƙiris ya nutse. Yana shekara takwas ya riƙe shi ta ƙafa ya zuro shi ta tagar bene, hannu ya kuɓuce, yaro ya faɗo, sai ya yi ta tsalle kamar ƙwallo bai ji ciwo ba, dangi suka hau murna har da hawaye. Mu ma da muna karantawa dariya muka yi. Yau da na haifi nawa, tambayar da nake yi ita ce, da bai yi tsallen ba fa? Gidaje nawa ne ake riƙe da yaro ta ƙafa haka, ana jijjiga shi wai sai ya zo na ɗaya, sai ya zama likita, kamar in ya tashi mutum kamar kowa an yi asarar haihuwa?

Yanzu bari in juyo kanmu mu marubuta, don in ana sara ana duban bakin gatari. A littafina na farko akwai wata yarinya 'yar aiki, wanke-wanke da shara, matar gida tana gallaza mata. Da kashi na ɗaya ya fita, masu karatu suka dame ni da waya, "Anti don Allah yarinyar nan ai 'yar Alhajin ce da aka sace tana jaririya ko?" "Anti ki taimaka kada ki bar ta haka." Ni a raina 'yar manomi na rubuta. Amma na ji tsoron kada kashi na biyu ya yi kwantai a kasuwa, kuɗin bugawa kuwa adashi na ɗauka. Sai na ƙaga mata tawadar Allah a kafaɗa, na ƙago wata tsohuwar unguwarzoma da ta zo ta tona asiri, aka rungume ta ana kuka, ta auri ɗan masu kuɗi. Littafi ya karɓu, na mayar da kuɗina har da riba.

Bayan kamar shekara guda na je gidan wata ƙawata, yarinyar da ke yi mata aiki ta kawo mini ruwa ta durƙusa, ta ce, "Anti ke ce kika rubuta littafin nan? An karanta mini shi." Na ce ni ce, ina murmushi ina jiran yabo. Sai ta ce, "Ya yi daɗi. Amma Anti ni fa na san babana, yana can ƙauye yana noma, kamarmu ɗaya da shi. Ke nan irinmu ba a yi mana littafi?" Wallahi ruwan nan ban iya shan sa ba. Na gane abin da na gaya wa yarinyar nan da alƙalamina shi ne, wahalarki ba abar dubawa ba ce sai in an gano ke 'yar wani ce. Ribar littafin nan har yau in na tuna ta sai in ji kamar da haƙƙi a ciki.

Kun ga ashe cuta ɗaya ce. Su can suna so inna ta zama mai sihiri a ɓoye, mu nan muna so 'yar aiki ta zama 'yar Alhaji a ɓoye, almajiri ya zama ɗan sarkin da ya ɓata. Dukkanmu mun kasa zama da mutum yadda yake. Ita Rowling ma ta ce ta taɓa tunanin ta ba Dadli ɗa mai sihiri a ƙarshen labari, sai ta fasa. Ni kam na gode da ta fasa.

Ba fa cewa nake yi hasashe laifi ba ne. Ai shi ne gishirin karatu, mu da muke raba littafi kashi-kashi mun fi kowa sanin amfaninsa, da ba a gardama a kan abin da zai faru wa zai sayi na biyu? Kuma wani lokacin masu hasashe suna dacewa. Akwai wata tsohuwa mai kyanwoyi maƙwabciyar su Fetuniya da ake barin Hari a wurinta. A ƙarshen littafi na huɗu, na shekarar 2000, Dambuldo ya ambaci sunanta cikin mutanensa, masu lura suka ce lalle tsohuwar nan da wata a ƙasa, littafi na biyar ya zo ya gaskata su. Wannan bin sawu ne, marubuciya ta taka ta bar alama, mai karatu ya bi. Abin da nake faɗa da shi shi ne mutum ya zana sawun da hannunsa, ya bi abinsa, in an ce masa ba nan aka bi ba ya ce ƙarya ne. A 2025 an fara sake ɗaukar labarin daga farko don talabijin, na kuwa san gardamar nan za ta sake tashi a bakin sababbin yara, shi ya sa na ga gara in faɗi tawa tun yanzu.

Saboda haka 'yan matan gidan suna, in wannan ɗan littafi ya iso hannunku, ga saƙona. Ku sake kallon matar nan, amma ku daina kallon hannunta kuna jiran tartsatsi, ku dubi fuskarta lokacin da ake maganar ƙanwarta. Sannan ku waiwaya cikin gidanku ku duba wace ce aka bari a bakin ƙyaure ranar da aka raka ku. 'Yan uwana marubuta kuma, don Allah mu riƙa barin 'yar manomi ta ƙare littafi tana 'yar manomi, mu ba ta mutunci da hankali da rabonta daidai gwargwado, ba sai mun sauya mata uba ba. In kasuwa ta ƙi, ta ƙi, wanda ya karanta ya ga kansa a ciki ya ishe mu.

Ni dai littafin da nake kan rubutawa yanzu, tauraruwarsa mai kitso ce, ba ta ci jarrabawa ba, ba ta da tawadar Allah a ko'ina, kuma har shafin ƙarshe ba wata unguwarzoma da za ta zo. Na kai wa Yaya shafukan farko na karanta mata tana tsefe wa wata kai. Da na gama ta taɓe baki ta ce, "'Yar boko ke nan, yanzu kuma ni kika mayar abin sayarwa?" Amma da na tashi tafiya ta ce in bar mata takardun a nan, wai kada yara su yaga mini a hanya.

Wanda ya ga kuskure a wannan magana ya yi mini gyara, wanda na ɓata wa rai ya yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in rai ya kai.

Taku har kullum.